Shuɗin Gilashin Gonar Kaka Lambert

Daga gida, kusa da Tongeren,
28 ga Afrilu.

Zuwa ga Gwaggona Marleen,

Gaisuwa ta ladabi da ta kewa nake miƙo miki daga nan gida. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya lau, ke da Kawu Denis da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin Manitoba da kike cewa yana shiga har cikin haƙori. Mu nan sai godiya. Bayan Mama ya yi sauƙi tun da ta daina ɗaga buhu da kanta. Baba ya gama shukar dankali, tuffa kuma ta yi fure, duk kwarin ya yi fari fat, masu kekuna daga birni sun cika mana hanya suna ɗaukar hoto. Kin san ni da waya, da na ji muryarki sai bakina ya mutu, na yi ta "e" da "a'a" har ki gaji ki ce a ba ki Mama. Shi ya sa na zaɓi takarda, domin abin da zan faɗa miki yana da tsawo, kuma ina so ni ce zan fara faɗa miki.

Gwaggo, ki cire takalminki na hagu ki dubi tabon nan na tafin ƙafarki, labarinsa zan ba ki. Ki gyara mini in na kauce, ni a bakin Baba na ji. Ya ce kina 'yar shekara tara kika bi bayan garma ba takalmi, wani guntun gilashi shuɗi ya yanke ki, sai da likita ya yi miki ɗinki. Kaka Lambert ya dubi gilashin, ya dubi ƙetaren shinge inda maƙwabcinmu tsoho Tuur yake kiwon tantabarun tsere yana ba su magani daga shuɗayen kwalabe, shi ke nan ya yanke hukunci. Ranar Lahadi bayan an tashi coci ya shiga mashaya ya ajiye guntun a kan tebur, ya kira Tuur ƙazami mai zubar da shara a gonar mutane, a gaban kowa. Tuur ya rantse bai taɓa ba. Daga ranar ba su ƙara ce wa juna ko sannu ba, su da suka yi makaranta a benci ɗaya, ke kuma aka hana ki ƙetare shinge wajen ƙawarki Riet, 'yarsa. Bana shekara talatin da takwas ke nan.

Abin da wataƙila ba ki sani ba shi ne Kaka bai taɓa jefar da ko guntu guda na irin gilashin nan ba. Har yanzu duk shekara in an yi huɗa mukan jeru mu bi gona muna tsince duwatsu, kuma duk wanda ya ga shuɗin gilashi ya san inda zai kai shi. Kaka yakan karɓa, ya hure ƙasar, ya dubi gidan Tuur ya ce, "Bai daina ba." Da yamma ya zuba a kwalbar zuma, ya liƙa takarda ya rubuta shekara da gefen gonar da aka samu, wajen shinge ne ko wajen tsohuwar rijiya. Wai wata rana zai kwashe su gaba ɗaya ya kai gaban alƙali. Suna nan a jere a kan katako a ɗakin ajiyar kayan noma, kwalba talatin da takwas. Ina ƙarama nakan shiga in zauna ina kallonsu in rana ta ratso ta taga, ba wanda ya sani.

To, a watan jiya makaranta ta kai mu gidan tarihi na Tongeren. Gaskiya ban so zuwa ba, domin na kai daidai inda jarumar littafin da nake karantawa za ta gane wanda ke aiko mata furanni, sai ga shi an tara mu ƙarƙashin gunkin sarkin nan mai gashin baki da gatari ana ƙirga kanmu. A ciki ma ina can baya, ana ta nuna mana tukwanen Rumawa. Sai na waiwaya na ga wani ƙaramin akwatin gilashi, ƙafata ta ƙi tafiya. Gwaggo, abin Kaka ne. Shuɗin nan mai duhu, da lanƙwasar nan, da layuka biyar da ke tudu a bayansa, har da zaren rawaya da ke hawa da sauka a jikin wasu. Na san shi kamar yadda na san cokulan gidanmu. Sai dai a gefen guntayen akwai guda cikakke, bai fashe ba. Ashe ba bakin kwalba ba ne. Awarwaro ne.

Matar da ke zagayawa da mu, Malama Hilde, ta ce na matan Eburoni ne, ɗaya daga ƙabilun Belgae da ƙasarmu ta ci sunansu. Ta ce sun zauna a wannan ƙasar tamu tun kafin Rumawa su zo, shekara dubu biyu da ɗoriya, suna noma da kiwo, gidajensu na itace da laka, dabbobi a gefe ɗaya mutane a gefe ɗaya. Sun taɓa tasar wa Rumawa suka hallaka musu runduna guda, Rumawa kuma suka dawo da fushi suka ƙone gidaje da hatsi har sunan ƙabilar ya ɓace. Gidajen sun ruɓe sun koma ƙasa, amma gilashi ba ya ruɓewa. Ta ce a duba, awarwaron ba shi da mahaɗi ko ɗaya, ɗigon gilashi mai zafi ake hudawa a yi ta juyawa har ya buɗe, kuma wasu ƙanana ne ƙwarai, har masana na ganin tun yarinya tana ƙarama ake zura mata, ta girma da shi ba ya fita. Ni kuwa kin san kaina, nan take na ga yarinyar, da kitsonta, da saurayin da ya yi tafiyar kwana uku ya kawo mata, da hayaƙi yana tasowa daga bayan tudu. Ban san sa'ad da na ɗaga hannu na tambaya ko samari ne ke bayarwa ba. Duk ajin suka fashe da dariya, don ba su taɓa jin na yi tambaya ba. Malama Hilde ba ta yi dariya ba, ta ce ba ta sani ba, gilashin bai faɗa mata ba, amma bai hana ni tunanina ba.

Ranar Laraba da rana, da ba makaranta, na saci kwalba guda na sa a jaka na hau keke na koma. Sau biyu ina isa ƙofa ina juyawa. Da na ajiye wa Malama Hilde a tebur sai ta jawo kujera ta zauna. Ta tambaye ni ko akwai wasu, na ce saura talatin da bakwai. Ta ce in maimaita. Sannan ta tambaye ni me ya canza a gonar a shekarar da aka fara ganinsu. Ban sani ba, sai da na dawo na tambayi Baba a fakaice. Ya ce ai shekarar ce Kaka ya sayar da doki ya sayi tarakta, garmarta kuma ta fi ta dokin nitso da kusan taƙi guda. Ke nan, Gwaggo, ba wanda ya zubar da komai. Kaka ne da hannunsa yake tono su duk shekara, yana zagin Tuur.

Kwana goma sha wani abu ina ɗauke da maganar nan kamar na haɗiyi dutse. Kin fi ni sanin mahaifinki, ko a kan yanayin sama ba a ce masa ya yi kuskure. Da na gaya wa Baba sai ya dafe kai, ya ce in rufa masa asiri in bar tsoho ya ƙarasa kwanakinsa da abin da ya yarda da shi, ba ya son hawan jini a gidan nan. Na so in bi maganarsa, don ta fi sauƙi. Amma a makon sai ga allo an kafa a ƙofar Tuur, an sayar da gidan. Mama ta ji a wajen mai burodi cewa ƙafafunsa sun gaza, Riet ta samar masa ɗaki a gidan tsofaffi a Hasselt kusa da ita, za a tafi da shi ranar Litinin ta sama. Tantabarun ma an riga an rabar. Na tsaya a tagar ɗakina ina ganinsa zaune kusa da akurkin da ba komai a ciki, na ce wa kaina mutumin nan zai bar garin da aka haife shi da sunan ƙazami a kansa, a kan abin da bai yi ba, kuma a duk gidanmu ni ce na san haka tabbas. In ya tafi, Kaka ba zai taɓa bin sa Hasselt ba. Sauran kwana takwas.

Na faɗa ranar Lahadi muna cin abincin rana. A littattafaina in jaruma za ta faɗi gaskiya takan ɗaga haɓa idonta ya yi walƙiya. Ni miya na zubar a kan rigar coci. Amma na faɗa, tun daga farko har ƙarshe, idona na kan faranti. Kaka ya saurara yana tauna, sannan ya ce, "Amarya, a wane littafin kika karanto wannan? Mai hoton namijin da rigarsa ba ta da maɓalli?" Baba ya yi dariyar dole. Na tashi na ɗauko hoton awarwaron da Malama Hilde ta ba ni, na ajiye guntu guda a gefensa, na ce Kaka ka duba da kanka, ka fi ni ido. Ya sa tabarau. Ya juya guntun, ya ƙirga layukan da farcensa, ya ƙirga na hoton. Mama ta kawo vlaai, kek ɗin nan namu na tuffa, da ta gasa ta yanka masa nasa, bai taɓa ba. Ya miƙe ya ɗauki hularsa ya fita. Kwana uku bai yi mini magana ba, ko gishiri yake so sai ya ce wa Mama ta ce wa 'yarta ta miƙo. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya.

Ranar Laraba Malama Hilde ta zo da kanta. Da ta ga kwalaben a jere da takardunsu sai ta riƙe baki. Ta ce wa Kaka ta yi shekara ashirin tana wannan aiki ba ta ga manomin da ya adana abu da tsari haka ba, shekara da wuri duk a rubuce, ɗalibanta ma sai ta yi ta faɗa kafin su yi. Kaka ya fara kumbura, ya ce ai shi mutum ne mai son komai a inda yake. Ya zagaya da ita har bakin tsohuwar rijiya, yana nuna mata da sanda, ita kuma tana cewa da alama gidaje ne a wajen, ba gida ɗaya ba. Da za ta shiga mota sai ya yi ƙasa da murya, yana zaton ba na ji, ya tambaye ta ko a cikin duka babu na kwalbar maganin tantabara. Ta ce babu. Ya ce, "Ko ɗaya?" Ta ce ko ɗaya. Ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace, ya daɗe bayan nan ma.

Juma'a da safe ya ce wa Mama ta gasa vlaai babba. Da yamma ya sa hular coci, ya tsaya a gindin bene ya ƙwala kira, "Amarya, ɗauko kwalba ɗaya ki biyo ni, tunda ke kika jawo." Taku arba'in ne daga ƙofarmu zuwa ta Tuur, na ƙirga, amma sau biyu Kaka yana tsayawa wai zai gyara takalminsa. Mun sami Tuur zaune tsakanin kwalaye. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Lambert, hanya ka ɓata, ko ce maka aka yi na mutu?" Kaka ya ajiye vlaai, ya shiga kewaye-kewaye, ya yi maganar tarakta, ya yi maganar Rumawa, ya ce garmar zamani ba ta da mutunci, komai ya faɗa ban da abin da ya kawo shi. Tuur ya ce in buɗe kwalin da ke bayan ƙofa in ɗauko masa gwangwanin biskit. Na buɗe masa. Gwaggo, cike yake da shuɗin gilashi. Ashe shi ma duk sa'ad da ya haƙa lambun kabejinsa yakan ci karo da su, kuma shekara talatin da takwas yana zaton Kaka ne ke wurgo masa su ta kan shinge don ramuwa. Ya ce har kwanton ɓauna ya sha yi masa a bayan akurki. Suka dubi juna. Na zaci za su rungume juna, sai Kaka ya ce, "Ni zan wurga maka abu in bar shi ya faɗi a kabeji? Da a ƙeyarka zai sauka."

Ni kuma na durƙusa a ƙasa na zazzage kwalbarmu da gwangwaninsa, ina ta gwada guntaye, domin na tabbata dole a sami biyu da za su haɗu su zama awarwaro ɗaya, rabi daga wajenmu rabi daga wajensa. Na fi awa ina yi. Ko biyu ba su dace ba. Su kuwa sun ci vlaai har rabi, Tuur yana cewa na marigayiya matarsa ya fi wannan laushi. Da muka tashi tafiya Kaka ya miƙa hannu ya ce to shi ke nan, magana ta wuce. Tuur bai karɓi hannun ba. Ya ce vlaai dai ya karɓa, ya gode wa Mama, amma ba a ɗaki aka kira shi ƙazami ba, a mashaya ne bayan coci, a gaban mutum talatin, don haka a can za a janye. Kaka ya ce ai mutanen nan duk sun mutu. Tuur ya ce saura uku, sauran kuma suna maƙabarta bayan katanga, in ya ɗaga murya za su ji. Muka fito Kaka yana huci, yana cewa ya ga taurin kai amma bai ga irin na mutumin nan ba. Ranar Asabar ko sunan Tuur bai ambata ba, ni ma na kama bakina, don na ga abin da zan iya na riga na yi.

Lahadi aka tashi coci, maimakon ya nufi gida sai ya riƙe hannuna muka tsallaka titi. Mashayar cike take, Tuur yana teburin kusa da taga da sandarsa, Riet ta kawo shi yin sallama. Kaka ya wuce kai tsaye ya kama igiyar ƙararrawar nan da ke rataye a saman teburin sayarwa, wadda duk wanda ya kaɗa ya ɗauki nauyin abin shan kowa, ya kaɗa ta da ƙarfi. Mai mashayar ta ce ita tun da ta gaji wajen daga mahaifinta ba ta taɓa ganin hannun Lambert kusa da igiyar nan ba, ko a kira likita. Da dariya ta lafa sai ya cire hula. Ya ce in gaya musu mene ne a kwalbar. Na faɗa, Gwaggo, a gaban mutum fiye da arba'in, har na ba su labarin gobarar Rumawa ba wanda ya yi tari. Sannan Kaka ya juya wajen taga ya ce, da muryar da yake kiran shanu, "A nan na kira Tuur ƙazami. Ƙarya na yi masa. Bai zubar da komai a gonata ba, ni ne jakin. Tuur, ka yafe mini." Tuur ya daɗe yana juya kofinsa. Sai ya tura kujerar da ke gabansa da sanda ya ce, "Shekara talatin da takwas ina karta da mutanen da ba su iya ba saboda kai. Zauna ka raba." Riet ta fita waje da hankici a fuska. Ni ban fita ba, a nan na yi nawa kukan. Sun yi wasa uku, Tuur ya cinye duka, Kaka ya ce ya ɓoye kati a hannun riga.

Litinin Baba ne ya kai Tuur Hasselt, Kaka ya zauna a gaba wai don ya nuna hanya, suka yi ta musu shi da Tuur a kan wace ta fi kusa har suka isa. Jiya ya tambaye ni lokacin motar Alhamis mai zuwa Hasselt, na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe. Malama Hilde za ta dawo da mutanenta bayan an haƙe dankali su duba wajen rijiya, Baba ya yarda muddin ba a taɓa masa shuka ba, ni ma ta ce in zo in riƙe musu rariya in ina so, kuma ina so. Kaka ya ba gidan tarihi kwalaben da sharaɗin a rubuta sunansa da na Tuur a jiki, nasa a sama. Kada ki zaci ya huce gaba ɗaya. Yanzu da matan Eburoni yake faɗa. Shekaranjiya na same shi a bakin gona ya riƙe ƙugu yana cewa wace irin tarbiyya ce wannan, mace ta fasa abu ta bar shi a ƙasa, ba ta tunanin 'ya'yan mutane za su taka.

Ki gaishe mini da Kawu Denis, ki ce masa na gode da littattafan da ya aiko, na karanta biyu na ɓoye na ukun don hutu. Ki shafa mini kan Elise da Mathis. Baba da Mama suna gaishe ki da kyau, Riet ma ta ce in gaishe ki, ta rubuta lambarta da hannunta, ga ta nan a bayan takardar. Kaka ya ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ko ƙafar tana miki ciwo in an yi sanyi. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki 'yarki,
Femke